Farar Filasta a Akwatin Makunni

Ana idar da sallar azahar wayar caji ofis ta yi ƙara. Gobara ce a unguwar marina da ke birnin Multan na ƙasar Pakistan, wata tsohuwa ta rasu, kuma wai an kama mai laifi.

Wannan "an kama" ɗin ne ya fara ɓata wa Sufeto Rab Nawaz rai. Shekara ashirin da biyu yana aikin nan, ya san in unguwa ta riga 'yan sanda yanke hukunci, marar gata ne ya faɗa hannu.

Haka kuwa aka yi. A ƙofar gidan ya tarar da Ustad Allah Ditta, dattijo mai gyaran wuta da ake wa laƙabin Ustad don ƙwarewarsa a sana'a, zaune a ƙasa, baki duk jini, yatsu biyu na hannun dama a karye. Wani ƙato na tsaye a kansa yana huci.

"Shi ya kashe min uwa, Sahib! Mako guda ke nan da ya yi mana aiki!"

"Kai wane ne?"

"Shafkat. Kantin maganin bakin layi nawa ne."

"To Shafkat, ƙara ɗaga masa hannu ka ga aiki da cikawa. Matsa can!"

Ɗakin marigayiya Amma Sugran, wato Inna Sugran a yarensu, ƙauri kawai yake. Fankar sama ta ƙone ƙurmus, ta ɗigo wuta kan katifar auduga, hayaƙi ya gama da tsohuwar tana barcin rana. A bango akwai akwatin makunni sabo fil, da abin murɗawa biyu. Na dama na rage hasken fitila ne, na hagu na gudun fanka.

Sufeto ya sa aka shigo da Ustad, sajan da ya rako shi ya kwance murfin.

"Aikinka ne?"

"Akwatin nawa ne, Sahib, amma wannan aika-aikar ba tawa ba ce. Duba, kullum ina ƙulla wayar fanka don kada ta ruɗe da ta fitila. Ga ƙullin nan a dama! An ɗora fanka a kan na fitila. Ai ko jaki ya san za ta yi gurnani, ta ɗau zafi, ta kama da wuta."

"Kowa ya yi kuskure haka yake faɗa, Ustad."

"Shekara talatin da biyar ina sana'ar nan! In na yi wannan, a yanke sauran yatsun."

Sufeto ya matsa kusa da akwatin. Ya leƙa ciki da tocila. Duk mahaɗan wayoyin an naɗe su da baƙin salatif tsaf, ban da biyu. Su da farar filasta aka ɗaure, irin ta ɗaurin ciwo.

Ya samu Ruksana, matar Shafkat, a tsakar gida, ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

"Bibi Ruksana, wa ya taɓa akwatin bayan Ustad?"

"Ba kowa."

"Fitilar lafiya take aiki?"

"Da farko dai sumul take raguwa. Shekaranjiya ce ta koma tsalle, ƙas, ƙas, hawa biyar."

"Hawa biyar ai na fanka ne. Wayoyin da kansu suka yi musayar gida, ko aljanu gare ku?"

Ta ƙara jan gyalenta. Sufeto ya ji ransa na tafasa, don ya tsani ƙaryar da ake yi a gefen gawa.

"Akwai dattijo a waje da za a ɗaure kan kisan kai. Ki kalle shi da kyau kafin ki sake buɗe baki."

Sai hawaye. "Amma Sugran ce ke kuka da iskar fanka. Ta ce ko a hawa na ɗaya sanyin na shiga mata gwiwa, in an kashe kuma zafi ya dafa ta. Na ce a kira Ustad, ya ce waya biyu ce kawai..."

"Wa ya ce?"

Ta saci kallon ƙofa, inda mijinta yake tsaye. Sufeto ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Ya sa aka kawo Shafkat gaban akwatin, ya ɓare filastar ya ɗora masa a tafin hannu.

"A shagon kayan wuta ake sayar da wannan, ko a naka?"

"Kowa na iya saya..."

"Rufe min baki! Kwana biyu fanka na gurnani a kan uwarka, kana ji!"

Ƙaton ya zube ƙasa. "Na ga na fitila yana raguwa a hankali, Sahib. Na ce bari in mayar mata da fankar can, ta riƙa juyawa kaɗan kaɗan. Har albarka ta sa min. Wallahi don ita na yi!"

"Wannan na yarda. Da nan ka tsaya, da ni zan fara yi maka ta'aziyya. Amma ka fita ka tara unguwa, ka karya hannun da mutum ke ci da iyalinsa, alhali ka san gaskiya. Wannan kuma don wa ka yi?"

Shafkat ya sunkuyar da kai. Sajan ya danna masa ankwa.

A bakin mota Shafkat ya turje. "Sahib, bayan la'asar za a kai ta. Ni kaɗai ne ɗanta. Ka bar ni in ɗauki makara, ko taku goma ne."

Sufeto ya dubi maƙwabtan da ɗazu suka taya duka. Yanzu kowa ƙasa yake kallo.

"Ga majiya ƙarfi nan, su ɗauka. Shiga."

Ya juya wajen dattijon. "Ustad, zo gaba mu sauke ka asibiti."

Allah Ditta ya girgiza kai, yana tallafe da hannun a ƙirji. "Sai an yi mata salla, Sahib. Ban taɓa shiga gidan nan ta bar ni na fita ban sha shayi ba."

Motar ta tashi. Ta tagar baya Shafkat yana hango dattijon ya durƙusa a bakin famfo, yana alwala da hannu ɗaya.