Jini a Kan Farin Rairayi

Mwanaidi na tsakar gida tana kankare kwakwa don shinkafar baƙi, mijinta Makame yana gindin mangwaro yana gyaran igiyar kwale-kwalensa yana tsokanarta.

"Madam manaja, yau ma Turawa za a fara ba, ni a bar ni da ƙanzo?"

"Ƙanzon ma sai ka yi hali!" ta ce tana dariya.

Tun aurensu suke riƙe da 'yan ɗakunan baƙi a filin da mahaifinta ya bari a bakin teku, can arewacin Zanzibar. Ita ke girki, shi ke kai masu yawon buɗe ido kallon kifaye. A makon nan wata dattijuwa 'yar Norway mai suna Sunniva ce ta sauka wurinsu da jikokinta, sun gudo wa sanyin ƙasarsu.

Matsala ɗaya ce, Pandu, yayan Mwanaidi. Masu wani babban otal sun taya filin, mahaifiyarsu Bi Mwajuma ta ce ba za a sayar da wurin da mijinta yake kwance ba. Pandu kuwa ya rantse Makame ne ke zuga ta, don shi baƙo ne daga tsibirin Pemba, ya zo ba shi da komai sai hannuwansa.

Hantsi ya yi, baƙi na karyawa a ƙarƙashin rumfa, sai aka banko ƙyaure. Pandu ne da wasu ƙarti biyu, adda a hannunsa.

"Ina ɗan cin arzikin nan yake?"

Mwanaidi ta tare shi. "Yaya, don Allah, akwai baƙi..."

Tas! Marin da ya ɗauke ta da shi sai da ta ga wuta. Ta faɗi kan turmi, leɓenta ya fashe.

"Ke da shi duk yau za ku bar gidan nan! Ko ya sake ki, ko in raba shi da ransa!"

Ƙartin suka kifar da teburin baƙi. Kofuna suka tarwatse, shayi ya malale, yaran suka ƙwalla ƙara suka shige bayan kakarsu. Bi Mwajuma ta fito tana salati, ɗaya daga cikin ƙartin ya ture ta ta zube.

Makame ya taso, hannunsa wayam.

"Yaya Pandu, ni ka zo nema, ga ni. Ka ƙyale Inna."

"Wa ye yayanka? Matsiyaci!"

Addar ta sauka. Makame ya kare da hannun hagu, ta tsaga shi daga gwiwar hannu har wuyan hannu. Jini ya yi tsartuwa a kan farin rairayi. Mwanaidi ta saki wata irin kururuwa da ta kai har inda masunta ke sauke kifi.

Kafin ka ce kwabo masuntan sun cika gidan, wasu da filafilin tuƙa kwale-kwale, wasu da gora. Ƙartin suka haura katanga suka tsere. Pandu ya juya zai bi su, aka sheme shi da filafili a ƙafa. Suka rufe shi da duka ta ko'ina.

"Ɗan iska! A gaban uwarka?"

"Ka kore mana baƙi, mu ci me?"

"A kawo fetur!"

Mwanaidi ta dubi jinin mijinta, ta dubi mahaifiyarta a ƙasa. Zuciyarta ta bushe ƙamas. Ba ta san sanda bakinta ya furta ba: "Ku kashe shi! Ba ni da wa!"

Sai ta ga Makame ya miƙe yana tangaɗi. Ya kutsa cikin taron, ya faɗa kan Pandu ya rufe shi da jikinsa. Gora ta sauka a gadon bayansa, wata ta same shi a kai.

"Ku tsaya! Makame ne! Ku tsaya!"

Hannuwa suka tsaya a sama. Makame ya ɗago kai da ƙyar, jini na bin fuskarsa.

"Wanda zai ƙona shi, ya haɗa da ni. Jinin matata ne. Ba za a bar Inna da gawar ɗanta saboda ni ba."

Bi Mwajuma ta fashe da kuka. Dattijuwa Sunniva, wadda ashe nas ce kafin ta yi ritaya, ta yage mayafin kafaɗarta ta ɗaure masa hannun tam, tana umartar mutane da hannu su kawo mota.

A asibiti aka ɗinke shi, amma yatsu biyu ba su ƙara motsi ba. Mwanaidi na zaune a gefen gado tana kuka.

"Me ya sa, Makame? Mutumin da ya so ya kashe ka!"

"Da sun ƙona shi, duk sanda kika dube ni shi za ki riƙa gani. Ni kuwa ina son ki dube ni ki ga mijinki."

Ta kifa kanta a ƙirjinsa, kunyar abin da ta furta ta rufe ta.

Pandu ya yi zaman gidan yari, ya fito yana ɗingishi. Ranar da ya zo, a ƙofar gida ya durƙusa, ya kasa haɗa ido da kowa.

"Inna, ki yafe mini. Makame... ƙanena..." Kuka ya ci ƙarfinsa.

Makame ya kama shi da hannunsa mai lafiya ya tayar da shi. Mwanaidi ta dubi mijinta, sannan ta ce, "Shigo, Yaya."

Labarin ya bazu, baƙi suka riƙa tururuwa don su sauka a gidan mutumin da ya kare maƙiyinsa da jikinsa, har suka ƙara ɗakuna. Pandu ne ke jan igiyar da hannun Makame ya daina iyawa.

Kwaɗayi ya sa ɗan'uwa ya zare adda, haƙuri ya sa bare ya zama ɗa. Wanda ya iya danne zuciyarsa ranar da jininsa ke zuba, shi ke riƙe gida, kuma Allah ba ya barin ladansa ya faɗi ƙasa.