Abin da Gara Ta Ƙi Ci

Gara ta miƙa dogon hancinta na ƙarfe, ta shinshina ƙasar bakin unguwar Majema. Fitilarta ta yi ja, ta ja da baya. Haka take yi kowace safiya tun kafin azumi.

Injin rusau da gini ce, tsawonta ya kai bene uku. Mutanen Birnin Tsamiya suka sa mata Gara saboda tana cinye tsohon bango ta gaba, ta niƙa, ta fitar da sabon gini ta baya. Maƙeranta sun dasa mata dokar da ba ta goguwa: kada ta tona ƙasar da ke ɗauke da jikin ɗan Adam. Maƙabarta suke nufi. Sun manta cewa a Majema kowace haihuwa sai an binne mabiyiya a bayan ɗaki. Na da sun zama ƙasa, ba ta jin su. Na 'yan shekarun nan ne suka tsayar da ita, kuma gidan Hansatu ne farko a layin.

Hansatu na tsaye a ƙofa, goye da Sagiru, tana jin tarinsa har cikin ƙashin bayanta. Maƙwabta sun taru suna gardama.

"A kira masu ita su cire mata wannan tsoron!" in ji Baba Tanko tela. "Kowace unguwa ta hau bene, mu muna nan muna tare yoyo da kwano."

Inna Gambo ungozoma ta harare shi. "Ƙarfe ya fi ka kunya, Tanko. Taka ma tana can gindin bishiyar bedi."

"Tawa ta ruɓe, tsohuwa, kamar haƙoranki."

Aka yi dariya. Hansatu ba ta yi ba.

"Inna, bangon ɗakina ya tsage har hannuna yana shiga. Likita ya ce laima ce ke cin ƙirjin yaron nan. Ga hadari ya fara haɗuwa."

"To 'yar nan, a tone abin da aka binne da bismillah?"

"Ni dai wanda ke bayana nake ji. Ta ƙasan ba ta tari."

Ta shiga gida ta ɗauki fartanya. Ta san inda aka binne mabiyiyar Sagiru, kusa da randa. Sara biyu kawai ta yi. Sai ta ji an dafa ta. Inna Gambo ce, riƙe da tukunyar ƙasa.

"Matsa. Ni na binne, ni zan ɗauke. Ke yi mana addu'a."

A hankali tsohuwar ta kwashe ƙasar da tafukanta, kamar mai ɗaukar jariri daga wanka. Kafin azahar sauran matan layin sun fito da nasu tukwanen. Fitilar Gara ta koma kore.

Ruwan farko ya same su a hawa na goma na sabon benen da Gara ta gina. Ɗakin a bushe, daɓensa sumul kamar faranti, bangon yana ɗumama kansa. Tarin Sagiru ya tafi. Matan da yawa sun bar tukwanensu a bayan gari, wai ba su dace da sabon gida ba. Hansatu ta ajiye tata a bakin taga. Daga nan tana hangen gari duka, ko'ina an shafe shi da farin daɓe mai sheƙi.

Wata safiya aka ƙwanƙwasa. Inna Gambo ce, da ɗan ƙunshi a zane.

"Surukar Tanko ta sauka, mace. Na sauka ƙasa, na zaga har bayan kasuwa, ban ga inda farce zai shiga ba." Ta sunkuyar da kai. "Akwai sauran wuri a tukunyarki?"

A bayanta Baba Tanko yake, da hula a hannu.

Hansatu ta sauko da tukunyar, ta durƙusa, ta fara buɗa ƙasar da yatsu.

"Akwai, Inna. Amma a faɗa wa masu ciki, ta kusa cika."