Tafin Hannu a Bangon Kufai

Malama ta kai 'yan ajinta talatin wani tsohon kufai, har da 'yarta. Wani dattijon magini ya sa kowa ya danna tafinsa a ɗanyen yaɓe, wai su ji yadda kakanni ke gini.

Da magariba ta rufa, yara sun shiga mota, Malama ta koma ɗauko jakarta. Ta tarar da dattijon yana shafe tafukan, ya bar guda mai cindo, na 'yarta.

"Baba, wannan fa?"

"Bango ya zaɓi nasa."

Bakinsa bai motsa ba. Ta dubi ƙasa: yana tsaye cikin taɓo, amma babu sawu ko ɗaya.

Daga nesa direba ya ƙwala kira: "Malama! Ashirin da tara ne fa!"