Halima Sadiya Biyu

A wata makarantar firamare da ke garin Gwandu, akwai wata yarinya 'yar aji shida. Ita ce monitar ajinsu. Kanta na ja ƙwarai, amma hannunta ya fi kanta sauri. In an ba da aikin aji, ita ce farkon miƙa littafi, ko duba amsoshinta ba ta sake yi. Mahaifiyarta ta sha ja mata kunne a kan garaje. Yarinyar takan ce to, kafin a rufe baki kuma ta manta.

A shekarar, 'yan matan aji shida za su rubuta jarrabawar shiga makarantar kimiyya. A Kalgo ake yin ta, sau ɗaya a shekara. Duk wadda sunanta bai shiga kwamfuta ba, ba za a bar ta ta zauna ba.

Malam Zakariya, malamin kwamfuta, shi ya cike fom ɗin a intanet. 'Yan mata arba'in ne, kowace da shafinta. A shafin akwai suna, da ranar haihuwa, da hoto.

Ranar Laraba za a rufe fom ɗin. Da hantsi aka kira malamai taro, sai Malam Zakariya ya sa aka kira masa monita. Ya zaunar da ita gaban kwamfuta, ya miƙa mata takardar sunaye.

"Ki bi shafukan ɗaya bayan ɗaya," in ji shi. "Ki jira hoto ya fito, ki gwada da takardar nan, sannan ki danna wannan kibiya ki wuce na gaba. In kin ga abin da bai yi miki ba, kada ki taɓa komai. Ki jira ni."

"To, Malam."

Yana fita ta ture takardar gefe. Wa za a gaya wa 'yan ajinsu? Ai shekara shida suna tare.

A ranar, sabis ɗin intanet ba shi da ƙarfi. Suna yakan fito nan take, amma hoto sai an yi ta jira. Ta jira a shafi na ɗaya da na biyu. A na biyar haƙurinta ya ƙare. Ta shiga danna kibiya, tana kallon lambar da ke sama tana hawa, shida cikin arba'in, bakwai cikin arba'in.

A shafi na goma sha bakwai ta ga Halima Sadiya Abdulgani. Wannan Ummi ce, ta taɓa jin an kira cikakken sunanta ranar raba kyaututtuka. Ta wuce na goma sha takwas. Sai ga Halima Sadiya Abdulgani kuma. Shekarar haihuwa ɗaya, gari ɗaya. Hoton bai fito ba tukuna.

Ta yi murmushi. Ashe malamai ma suna kuskure, ga shi ya shigar da Ummi sau biyu. Akwai wani jan maɓalli a ƙasan shafin, na gogewa ne. Ta danna. Kwamfuta ta tambaye ta ko ta tabbata, ta ce mata e. Lambar sama ta koma talatin da tara.

Akwai abin da yarinyar ba ta sani ba. Ummi da Lami, 'yan Kambaza da ke zama a benci na uku, 'ya'yan wa da ƙani ne. Dukansu sunan kakarsu aka sa musu. A gidansu ba mai kama sunan tsohuwar gatsal, don haka aka laƙaba wa ɗaya Ummi, ɗayar kuma Lami, saboda ran Alhamis aka haife ta. Abdulgani kuwa kakansu ne. Shafin Lami ta goge.

Malam Zakariya ya dawo a gurguje, don lokaci ya kusa cika.

"Kin duba duka? Ba ki dai taɓa komai ba ko?"

Da ta so ta ba shi labarin gyaran da ta yi, ya yaba mata. Amma yadda ya yi tambayar ya sa ta tsorata.

"Ban taɓa komai ba, Malam."

Ya yarda da ita. Ya tura fom ɗin, bai ko dubi lambar sama ba.

Bayan sati uku ranar jarrabawa ta zo. Da sassafe mota ta kwashe su zuwa Kalgo. Lami tana kusa da monita, littafinta a buɗe kan cinya. Ta ce mata tun bara take shiri, kullum in ta gama taya innarta surfe sai ta ɗauki littafi. So take ta zama malamar asibiti, don a unguwarsu mata suna wahalar zuwa awo.

A bakin zauren jarrabawa akwai wata jami'a, Malama Jidda, da kwamfuta a kan tebur. Tana kiran suna, tana duba hoto, ana shiga.

"Halima Sadiya Abdulgani."

Yara biyu suka fito tare.

Monita ta bi su biyun da kallo. Ta gane abin da ta aikata.

Malama Jidda ta dubi hoto, ta nuna Ummi ta ce ta shiga. Lami ta tsaya da fensirinta a hannu.

"Malama, ni ma sunana ke nan," in ji ta a hankali. "Kakarmu guda, sunanta anka sa muna."

"Ɗaya na gani a nan, 'yata. Ki koma gefe."

Malam Zakariya ya rantse cewa da hannunsa ya shigar da sunan Lami a kwamfuta. Malama Jidda ta ce duk shekara haka malamai ke faɗa. Wadda ba a taɓa shigar da sunanta ba, ba abin da za a iya yi mata, sai baɗi.

Monita tana jin komai, amma ta ɓoye abin da ta sani. Aka kira sunanta, ta shige da kanta a ƙasa.

Kujerarta tana kusa da taga. Aka raba takardu, aka ce a fara. Ta karanta tambaya ta ɗaya sau uku, ba ta fahimci komai ba. Ta tagar tana hango Lami zaune a gindin katanga ita kaɗai. Ba kuka take yi ba. Ta zuba wa ƙofar zauren ido kawai. Wannan ya fi kuka ciwo.

Tsoro ya cika monita. In ta faɗa, za a san ta yi ƙarya, kuma Malam ba zai sake yarda da ita ba. In ta yi shiru, shekarar Lami ta tafi ke nan.

Ta ɗaga hannu. Mai tsaron jarrabawa ya ce in ta fita, ba za a ƙara mata lokaci ba. Ta ce ta ji, ta fita.

Ta je gaban teburin, ta durƙusa.

"Malama, Malam ya shigar da sunan Lami. Ni na goge. Na ga suna iri ɗaya sau biyu, ban jira hoto ba. Da ya tambaye ni kuma na yi mishi ƙarya."

Malam Zakariya ya dube ta. Malama Jidda ta gyara zama.

"Gogewa daban, rashin shigarwa daban," ta ce. "Abin da aka goge yana da inda yake zama. Wace rana ce? Shafi na nawa?"

"Laraba, ranar da anka rufe. Shafi na goma sha takwas."

Malama Jidda ta buga wa shugabanta waya, ya ba ta izini. Ta buɗe wurin da ake ajiye shafukan da aka goge, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar tana durƙushe tana hawaye. Can sai ga fuskar Lami a allo, da farin hijabinta.

Rabin awa ta riga ta wuce lokacin da su biyun suka shiga zauren. Lami ta duƙufa tana rubutu. Monita kuwa tambayoyi biyar ta bari ba ta kai gare su ba.

A hanyar komawa Lami ba ta yi mata magana ba. Ran Litinin hedimasta ya karɓe monitanci ya ba wata. Da yamma mahaifiyar tsohuwar monita ta ce mata ta sa hijabinta, suka hau mota zuwa Kambaza. A gaban iyayen Lami yarinyar ta sake faɗin laifinta da bakinta, ta roƙi gafara.

Lami ta ɗago kai ta dube ta.

"Kin ɓata min rai ƙwarai," ta ce. "Amma da ba ki fito ba, da har yanzu ban san abin da ya faru ba. Na yafe miki."

Bayan wata biyu sakamako ya fito, aka manna shi a allon makaranta. Lami ce ta uku. Tsohuwar monita ta bi sunayen da yatsa har ƙasa. Nata ne na ƙarshe cikin waɗanda aka ɗauka. Ba ta taɓa zuwa ta ƙarshe a komai ba, kuma ba ta taɓa yin farin ciki irin na ranar ba.

Malam Zakariya ya same su a gaban allon.

"Me kika koya?" ya tambayi tsohuwar monita.

"Na koyi cewa kowane shafi mutum ne, Malam. In duba da kyau kafin in taɓa, in tambaya in ban gane ba. In na yi kuskure kuma, in faɗa tun da wuri."

Malam ya gyaɗa kai. Lami ta kama hannunta, suka tafi kai wa iyayensu labari.