Littafin 'Yar Aku

Da fenti a kunne ta fara ganinsa. Ta shigo shagon buga littattafai rungume da takardunta, mai shagon ya nuna mata wani tebur can ƙurya ya ce, "Ga mai zanenmu can." Saurayin ya ɗago kai, shuɗin fenti ya ɓata masa gefen kunne bai sani ba.

"Sannu da aiki," ta ce tana danne dariya.

"Yawwa, sannu da zuwa. Me na yi kuma?"

"Kai ba ka yi komai ba. Kunnenka ne."

Ya kai hannu ya shafa, ya damalmala shi har wuya. Tun daga ranar ta raɗa masa suna Fenti. Shi kuma Malama yake ce mata, don ita ke koyar da ƙananan yara a makarantar Lahadi.

Ta zauna ta faɗa masa abin da ya kawo ta. Yayarta ce ta rasu bara, ta bar yarinya 'yar shekara shida, wadda a gida suke kira 'Yar Aku saboda surutu. Kullum tambayar yarinyar ɗaya ce: ina Mama ta tafi? Malama ta zaga shagunan littattafan coci kaf, abin da ta samu ko dai ya fi ƙarfin yaro, ko kuma ya ba shi tsoro. Shi ne ta zauna ta rubuta nata, a kan gidan da Yesu ya shirya wa masu binsa, inda babu kuka, babu ciwo, babu allura.

Fenti ya karanta a nutse. Da ya zo kan allura sai ya tsaya.

"Wa ya ce ki sa wannan?"

"Ita ce. Ta ga irin wadda aka yi ta yi wa mamarta."

Ya daɗe yana kallon Malama. Bai taɓa ganin wanda ya yi wa yaro maganar mutuwa da taushi haka ba, kuma ba ƙarya a ciki.

"Zan zana miki shi," ya ce. "Amma sai kin riƙa zuwa kina duba aikin."

Ta riƙa zuwa kuwa. Idan ta tashi daga aiki sai ta biyo, ta ja kujera kusa da teburinsa, tana kallon yadda layi biyu uku ke zama fuskar yaro a hannunsa. Ranar da ba ta zo ba, wayarta ba ta hutawa.

"Malama, akwai matsala a shafi na huɗu. Sai kin zo da kanki."

"Wace irin matsala?"

"Babu. Amma dai ki zo."

"Fenti, Allah ya shirye ka. Ina hanya."

Ba a jima ba ya koma ce mata Malamata, ita kuma ta daina yin kamar ba ta ji ba.

Wata rana ta kawo masa hoton marigayiyar, don ya kama kamannin yarinyar cikin littafin. A shafin ƙarshe sai ya zana uwar kanta, sanye da fararen kaya a cikin wani lambu, ta buɗe hannuwa tana murmushi. Malama ta yi kuka har ta gode Allah, ta ɗauki zanen da murna ta kai wa mahaifinta.

Baba tsohon fasto ne da ya yi ritaya. Tun ranar da aka binne 'yarsa bai ƙara ambaton ta ba, hotonta ma ya sauke daga bangon falo. Ya karɓi zanen, ya ƙura masa ido.

"Wa ya ba shi izini?"

"Ni ce, Baba."

"Na tsufa a kan wa'azi, ban taɓa ce wa jama'a ga kalar wurin nan ba. Shi yaro da buroshi ya leƙa ya gano? Gobe yarinyar nan ta ce a sa ta a mota a kai ta lambun, me za ki ce mata?" Ya kife takardar a kan tebur. "Ga Likita nan, ɗan aminina, ya daɗe yana nemanki. Ban ce dole ba. Amma mai zanen nan kada ya taka mini gida."

Kunya ta hana Malama gaya wa Fenti, sai ta yi shiru da wayarta. Ranar Lahadi kuma, bayan an tashi sujada, Fenti ya hango ta tana shiga motar Likita. Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Na gan ki yau, motar ta dace da ke. Allah ya sanya alheri. Littafin zan gama shi, don na 'Yar Aku ne."

Washegari ta faɗo shagon ko gaisuwa babu.

"Ashe mai zane ne kai amma ba ka gani? Ƙafar mahaifiyata ce ta kumbura, ya rage mana hanya. Ni da ita muna baya!"

"To me ya sa kika yi mini shiru?"

Ta zauna, ta kwashe duk abin da Baba ya ce ta faɗa masa, tana jiran ya yi fushi. Sai ya sunkuyar da kai.

"Baba yana da gaskiya."

"Me ka ce?"

"Lokacin da babana ya rasu ina ƙarami, ce mini aka yi ya yi tafiya. Na daɗe ina zama a bakin titi ina duba motoci. Abin da nake so in gani na zana, Malamata, ba abin da na sani ba. Ki bar ni in sake."

Ta dube shi, fushin ya bi iska. Ranar ta tabbata ko duniya za ta taru, shi za ta aura.

Da ya gama, da kansa ya kai gidan su Malama. Ya tsaya a bakin get da rana tsaka, Baba na zaune a baranda da jikarsa.

"Kun ce kada in taka gidan, Baba, shi ya sa na tsaya a nan. Na taɓa muku ciwo ban nemi izini ba, ku yafe mini. Ga shi na gyara. In bai yi ba, ba za a buga ba."

'Yar Aku ce ta ruga ta karɓo, ta haye cinyar kakanta ta ce sai ya karanta mata. Ya gyara tabarau, ya fara a daƙile, shafi bayan shafi, har suka kai ƙarshe.

Babu lambu. Yarinya ce tsaye riƙe da hannun wani tsoho, sun juya baya. A gabansu ƙofa ce a ɗan buɗe, haske na fitowa. Ba a ganin komai a ciki, sai hannu guda da ke riƙe da ƙofar, da tabon ƙusa a jikinsa.

"Kaka, me ya sa ba a ganin ciki?"

"Don idonmu bai kai can ba tukuna."

"To yaya aka yi muka san da kyau?"

Baba ya ɗora yatsa a kan hannun nan.

"Don mun san mai riƙe da ƙofar, Yesu ne. Mamarki tana wurinsa, 'yata tana wurinsa."

Malama da mahaifiyarta suna tsaye a bakin falo, kowacce na share hawaye. Baba ya cire tabarau, ya goge fuska, ya dubi get.

"Kai mai buroshi, rana za ta ƙona ka. Shigo."

Littafin ya riga bikin auren Malama da Fenti fitowa. Likita, da yake mutumin kirki ne, shi ya fara ɗaukar kwali guda ya kai ɗakin yara na asibitinsu, ranar auren ma yana sahun gaba.

Cocin ya cika har waje. Lokacin da aka buɗe wa amarya fuska, Fenti ya matso ya raɗa mata, "Malamata, wannan ya fi ƙarfin buroshina."

"Yi shiru, Baba na kallonmu," ta ce, murmushi ya ƙi ɓoyuwa.

Bayan sun yi alkawari, faston ya miƙa wa Baba makirufo. Tsohon ya ɗora hannu a kansu su biyu.

"Ubangiji ya ba ku gida mai salama. Ya tsufar da ku tare. Ya ba ku 'ya'yan da za su yi muku tambayoyi masu wuya, ya kuma ba ku gaskiyar da za ku amsa musu da ita."

Jama'a suka amsa da Amin, har sai da rufin cocin ya ɗauka.