Nonon da Likita Ya Hana

Ranar Talata da azahar, loma ta sake maƙale wa Zaidu. Ɗan shekara huɗu ne, ya daɗe yana fama: ya tauna tuwo ya kasa haɗiyewa, ya kora da ruwa, ya amayar. Abin da ke wuce masa kawai furar kakarsa, Inna Hindu, wadda take dama masa kullum da nonon shanunta.

A ranar uwarsa Humaira ta goya jaririyarta Basira, mijinta Yahuza ya ɗauki yaron, suka bar Dogarawa sai asibiti a Sakkwato. Likita ya zura 'yar kyamara ta bakin yaron, ya ɗebi abin gwaji. Da sakamako ya fito ya ce hanyar abincinsa ce ta kumbura, jikinsa na faɗa da wani abin da yake ci. A fara da janye nonon shanu, fura ma a dama da ruwa.

Yahuza ya kira gida tun daga tasha. Cikin hayaniya abin da ya iya cewa shi ne, "Inna, likita ya ce nono ne."

Suna sauka Inna ta kwance Basira daga bayan uwarta. Ta ce dama ta zargi haka, Humaira mugun nono gare ta, ta lalata ɗaya ba za ta lalata na biyu ba. Ta shige ɗaki da jaririyar, ta ce Yahuza ya mayar da matarsa gidansu a Tajaye.

Humaira ta dubi mijinta, shi kuwa ya dubi ƙasa. Ta yaya zai gaya wa uwarsa cewa furar da take damawa da hannunta ce ke ƙuntata wa jikanta? Ita ma Humaira ba ta da bakin gyara wa suruka zance. Ta zauna a ɗakinta ƙirji ya cika yana zafi, tana jin kukan Basira ta katanga. Yahuza na shigowa yana cewa ta ƙara haƙuri, Inna za ta huce.

Humaira ba ta ɗaga murya ba, har safiyar da ta hango Inna riƙe da ƙwaryar fura da nono, ta miƙa wa Zaidu ludayi.

"Baban Zaidu," in ji ta, "ni ina iya haƙuri har shekara. Maƙoshin yaron ga ba ya iyawa."

Yahuza ya cire takalmi ya durƙusa a ƙofar Inna. Ya ce bakinsa ne ya gajarta magana, nonon saniya likita ke nufi.

Inna ta dubi ƙwaryar, ta dubi yaron.

"Ka sani tun can, ka bar ni ina ɗura mishi?"

"Na ji nauyinki, Inna."

"Nauyina ya hi ranshi? Ita da ta yi kawaici ta hi ka hankali. Tashi ka kira min ita."

Humaira ta zo ta tsuguna. Inna ta ɗora mata Basira a cinya, ta ɗauki ƙwaryar ta fita.

Aka janye nonon shanu. Kafin girbi Zaidu ya fara haɗiye tuwo, gwaji na biyu ya nuna kumburin ya ragu. Humaira ba ta koma Tajaye ba.