Ƙofar Gefen Mama

Ranar da Auta ta shigo garejin, Dogo mai gyaran wayarin mota yana ƙarƙashin wata mota, takalmanta ya fara gani. Da ya fito ya ga fuskarta, amsa sallama ma sai da ta gagare shi.

"Malam, rimot ɗin ne ya ƙi kulle mota," ta ce, ta danna. Ƙofofin suka kulle, sannan suka buɗe da kansu, kamar da mutum a ciki.

Ta ja da baya. "Motar babana ce. Tun da ya rasu take haka."

Ya canza batirin rimot, shiru. Ya duba fis, lafiya lau. Sai ya bi ƙofofin har ya zo ta gaba, gefen mai zaman banza. Ɗan maɓallin da ke gaya wa mota an rufe ƙofa ne ya cinye. Ya sa sabo, mota ta kulle.

Gyara dai ya ƙare, hira kuwa ba ta ƙare ba. Kullum sai saƙonsa ya shigo: "Autata, motar tana kulluwa? Ni kam tun da kika shigo zuciyata na jefar da makullin."

Ita kuma ta mayar: "Dogona, ka cika daɗin baki. Allah ya bar min kai."

Amma da maganar aure ta kai kunnen mahaifiyarta, Mama cewa ta yi sam.

"Wanda ya taɓa motar? Ba a gidan nan ba."

Ashe kullum da yamma Mama kan tsaya bakin taga ta danna rimot ɗin, ta ji ƙofofin sun buɗe, kamar maigidan ya dawo. Ta san mamaci ba ya dawowa, amma zuciya ba ta da ƙashi. Yanzu in ta danna, motar sai ta kulle ta yi tsit. Gidan ya ƙara yi mata faɗi.

Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta tura wa Dogo dalilin Mama, ta ƙara da cewa: "Ba zan saɓa wa Mama ba. Ka yafe min."

Washegari sai ga shi a falo, ya durƙusa, ya ajiye tsohon maɓallin a gaban Mama.

"Mama, ban sani ba. In kina so, yau na mayar da shi."

Ta daɗe tana kallon ɗan abin. "Me ya lalata shi?"

"Yawan buɗewa ne. Na sauran ƙofofin ba su ci haka ba, har na direba. Kamar a kowace fita sau biyu ake buɗe ta."

Mama ta rufe baki da gyalenta. "Baban Auta ne. Sai ya buɗe min na shiga, ya rufe, ya sake buɗewa ya ga ko zanina ya maƙale. Ina ta yi masa faɗa, wai yana ɓata mana lokaci."

Sai aka ji kukan Auta daga bayan labule.

"Kada ka mayar," in ji Mama. "Bar shi ya huta. Tashi, ɗana, ka turo manyanka. Allah ya yi muku albarka, ya sa ka riƙe min ita yadda aka riƙe ni."